Kujerar da Muka Yi wa Allura

Shekarun baya, a shekarar da aka kulle Abuja saboda annobar korona, kowa ya fito daga kullen nan da abin da Allah ya ba shi. Wasu sun fito da haddar izu biyu, wasu sun fito da sana'ar sayar da kaya ta waya. Ni da ƙiba na fito. Mako bayan mako ina gida, daga shimfiɗar sallah sai kwanon tuwo, daga kwanon tuwo sai katifa, ga shi maiɗakina ta mai da girki abin ɗebe kewa. Ranar da aka ce mu koma ofis na ɗauko kaftanin da nake sawa kafin azumi, ya shiga har ƙirji, daga nan ya ce shi fa iyakarsa ke nan.

Aikina a wata hukuma ta gwamnati shi ne karanta tsofaffin takardun ajami. Gidanmu gidan tawada ne da alƙalamin kara, har yau kuma in ina da abin da ba na so in manta, da ajami nake rubuta shi. Ofishin da ke jikin nawa na wani abokina ne wanda ya yi karatun gyaran tsofaffin kayan itace, irin su ƙyauren da, da akushi, da ganga. Duk lokacin da na leƙa sai in same shi da farar riga da sirinji a hannu, ya duƙa yana yi wa wani tsohon akushi allura. Shekara da shekaru ina tsokanarsa.

"Likita, ya mai jiki? Ya samu ya ɗan ci abinci?"

Ba ya ko ɗago kai. "Alaramma, koma ka ci gaba da karanta wasiƙun matattu."

Haka muke zaune da shi.

To a daminar wannan shekara ƙanena, wanda yake koyarwa a Gwagwalada, ya zo min da maganar aure. Yarinyar ma'aikaciyar jinya ce, 'yar wani dattijo manomi daga mutanen Gbagyi na Tungan Maje. Sun daidaita tsakaninsu, saura manya. Mahaifinmu ya rasu, kawunnanmu suna can gida, kuma a lokacin ba a buɗe hanyoyin shiga jihohi ba. Sai suka yi min waya suka ce ni ne babba a Abuja, in je in tsaya a madadinsu.

Muka je wata Asabar da hantsi, da goronmu. Babban gida ne, irin wanda wasu suke zuwa masallaci ranar Juma'a, wasu suna zuwa coci ranar Lahadi, ranar Litinin kuma duk a haɗu a gonar doya. Mai gidan, wanda tun daga ranar nake kiransa Baba, dogon tsoho ne siriri, kamar a hure shi ya faɗi, amma in ya riƙe hannunka sai ka ji kamar fartanya ce ta kama ka. Hausarsa irin ta nan ce, mai daɗi, ba ta damu da raba mace da namiji ba.

Aka shimfiɗa wa kowa tabarma a gindin mangwaro. Ni kuwa sai aka fito da wani abu a naɗe cikin zane, aka ajiye a gabana aka kwance. Kujera ce 'yar gajeriya mai ƙafa huɗu, an sassaƙa ta daga gungume ɗaya, ta yi baƙi tana sheƙi saboda tsufa.

Baba ya ce, "Malam, wannan kujera kakan babana ne ya sassaƙa shi. A gidan nan, wanda ya zo neman aure a kansa yake zama ya yi magana. Ranar bayarwa kuma, ni ne zan zauna a kansa in bayar. Bismillah."

Na dubi kujera, na dubi kaina. Na kuma lura da wani ɗan gari ja-ja da ya zubo a kan zanen, mai laushi kamar garin kuka. Zuciyata ta ce min in nemi tabarma. Kunya ta ce min, an girmama ka a gaban mutane ka ce ba ka so? Sai na yi bismillah na zauna zaman rabi, na bar yawancin nauyina a kan gwiwoyina.

Abin da ban lissafa ba shi ne tsawon gaisuwa. Aka tambayi gida, aka tambayi aiki, aka tambayi ruwa, aka tambayi kawunnanmu ɗaya bayan ɗaya, aka jajanta korona. Cinyoyina suka fara rawa. Da na samu na kai ga cewa mun zo neman iri ne, na ga Baba ya yi murmushi ya gyaɗa kai, sai daɗi ya kama ni na manta, na saki jiki.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar dai a taka busasshen kara. Sai kawai na ga ganyen mangwaro da sararin sama, hulata tana gangarawa wajen rumbu, ƙura ja tana tashi ta ƙarƙashin babbar rigata. Ƙafa ɗaya ta kujerar ta ɓalle ta koma gefe, ɗaya kuma ta ruguje rabi. Na tuna labarin da muka karanta tun muna yara, na annabin da gara ta cinye sandarsa yana dogare da ita ba wanda ya sani. Bambancin dai shi ne ni kowa ya sani. A bayan zana, inda mata suke, na ji wata ta toshe baki amma dariyar ta fi ƙarfinta.

Baba da kansa ya miƙo min hannu. "Malam, ba ka ji ciwo ba?"

Na ce ban ji ba. Ya ɗauki ƙafar da ta ɓalle ya jujjuya ta, gari yana zuba a tafin hannunsa. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, "Maganarku mun ji. Yarinya yana so, mu ma muna so. Amma yanzu ba ni da wurin da zan zauna in ba ku."

Na ce ya ba ni ita, ni na karya, ni zan gyara. Ya naɗe ta da gutsattsarinta a zanen ya miƙo min da hannu biyu, kamar jariri.

Muka shiga mota muka kama hanya har muka wuce Zuba. Sannan ƙanena ya ce, yana kallon taga, "Yaya, da ka ce a ba ka tabarma."

Washegari muka kai ta wurin wani kafinta a Karmo. Ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa ya girgiza kai.

"Oga, wannan ai ta mutu tun tuni, jana'iza ce ba a yi ba. Hanya biyu ce. Ko in buga mata ƙusa huɗu in shafe ta da baƙin mai, ƙwaro ya gudu. Ko kuma ku ba ni sati ɗaya in sassaƙa muku irinta sak, in turara ta da hayaƙi, in binne ta kwana uku. Wanda ya sassaƙa ta ma in ya dawo duniya ba zai gane ba."

Na kifa kujerar ina dubawa, sai na ga wasu 'yan tsage-tsage a ƙarƙashinta, a jere, wasu sun shafe saboda daɗewa, wasu da sauran kaifinsu. Ban san ko na mene ne ba. Kafinta ya leƙo ya ce, "Su ma zan yi, ba matsala." Ƙanena yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya na yi tunani, kuma tunanin ya fi minti ɗaya. Sati ɗaya fa. Amma da na hango tsohon nan zaune a kan kujerar ƙarya yana ba mu 'yarsa da zuciya ɗaya, sai na ji ba zan iya ɗaga hannu in yi fatiha a wurin ba. Na naɗe kayana muka fito.

Saura wuri ɗaya, kuma na san wurin. Ranar Litinin na shiga ofishin abokina da ƙunshi a hammata, na yi sallama irin wadda ban taɓa yi masa ba, har da tambayar iyali. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Alaramma, yau kuma mara lafiya ka kawo?"

Na ba shi labari. Ya yi dariya har sai da ya ajiye sirinji ya riƙe tebur. Na bar shi ya gama, don hakkinsa ne. Sannan ya sa safar hannu, ya ɗauko madubin ƙara girma, fuskarsa ta canza. Ya nuna min ƙananan ramuka kamar hujin allura a duk jikinta. Ya ce ba gara ba ce, wani ɗan ƙwaro ne da yake shiga ya yi ta ci daga ciki ya bar fatar waje lafiya lau, har cikin ya koma kamar saƙar zuma. Kuma garin da yake zuba sabo ne, wato masu gidan suna nan da ransu.

"Da ka bari an buga mata ƙusa, da ta tarwatse. Da an shafa mata baƙin mai, da ban karɓe ta ba, don ba ya fita har abada. Mu ƙa'idarmu, duk abin da muka sa wa itace, sai wanda na bayanmu zai iya cirewa in ya sami wanda ya fi shi."

Na ce to kwana nawa. Ya ce da farko za a rufe ta a leda mako uku babu iska, ƙwari da ƙwansu su mutu. Bayan nan a yi ta ɗura mata wani ƙaro da zai bi ramukan ya daskare ya riƙe itacen. Bayan nan a mai da ƙafafu. In Allah ya so, wata uku. Ƙanena kuwa ya riga ya gaya wa abokansa za a yi biki bayan babbar sallah da sati biyu.

Da yake ba kayan hukuma ba ne, abokina ya ce a gidana za a yi aikin, shi zai riƙa zuwa ranakun hutu. Ya zo da wata leda mai kauri wadda ake ganin ciki, ya sa kujerar, ya zuba wasu 'yan ƙunshi masu shanye iska, ya jefa wata 'yar ƙwaya mai ruwan hoda wadda na ɗauka maganin ƙwari ce, ya liƙe bakin da wani ƙarfe mai zafi. Muka ajiye ta a ɗakin karatuna, kusa da littattafai.

"Kwana ashirin da ɗaya. Ko huji ɗaya ta yi, an koma farko. Ka ji ko?"

Na ce haba Likita, ni yaro ne?

Rana ta goma sha takwas, da safe, aka yi sallama. Na fito na ga Baba tsaye, ɗan acaɓa yana sauke masa doya shida manya. 'Yarsa ta gaya masa wai kujera tana hannun likita ana mata magani, shi ne ya ce bai kamata a ce nasa yana kwance bai zo dubiya ba.

Na kai shi ɗakin. Ya tsuguna ya daɗe yana kallonta ta cikin leda.

"Malam, ba ya numfashi a ciki."

Na ce ai da gangan ne, na yi masa bayanin ƙwari. Ya saurara da kyau, ya ce wannan dabara ce. Sannan ya ce, a hankali, "Bari in ɗan taɓa shi kaɗan. Ya san ban yar da shi ba."

Ku tsaya a wurina. Mutumin da na karya wa kayan gado, bai zage ni ba, ya biyo hanya tun daga Tungan Maje, ga doyarsa a ƙofar ɗaki, ga shi uban yarinyar da muke nema. In buɗe baki in ce masa a'a? Na ɗauko reza na tsaga ledar daidai shigar hannu. Ya shafa kujerar, ya yi mata 'yan kalmomi da yarensu, ya zare hannu ya yi min godiya. Duka bai fi minti biyu ba. Bayan ya tafi na liƙe wurin da salatif, ninki uku, na juya ɓangaren ya kalli bango.

Maiɗakina tana tsaye a bakin ƙofa. Na ce mata ba sai an yi maganar nan ba. Ta ce, "Ni ba zan faɗa ba, Malam. Amma in an tambaye ni, na gani."

Ba a ma kai ga tambayarta ba. Ranar cika kwana ashirin da ɗaya abokina ya zo, ƙanena ma ya zo da fara'arsa. Abokina ya tsaya a kan ledar, bai taɓa ta ba.

"Wa ya buɗe?"

Na ce, "Likita, ka sha ruwa tukuna mana."

Ya nuna min 'yar ƙwayar nan. Ta koma shuɗiya. Ashe ba magani ba ce, mai gadi ce. In babu iska tana nan ruwan hoda, in iska ta shiga sai ta canza. Ya juya ledar, ga salatif ɗina ninki uku yana ƙyalli.

Na faɗi gaskiya, har da doyar. Abokina ya ce, "Na gane, suruki ne. Ita dai wannan ƙwayar ba ta san suruki ba. Sabuwar leda, sabon lissafi."

Ƙanena ya zauna a kan tabarma. Ban taɓa jin ya yi min magana da irin wannan murya ba. Ya ce, "Yaya, ka karya kujera, na yi shiru. Ka hana kafinta, na yi shiru. Can gidan akwai gwaggon yarinyar da take ta faɗa wa mutane wai ba nauyinka ba ne, kujerar ce ta ƙi mu, kuma in ta daɗe ba ta dawo ba, an ga alama. Yanzu kuma ka ƙara mako uku. Ka gaya min gaskiya, ko dai ba ka son auren nan ne?"

A nan dariya ta ƙare min. Na rantse masa ina so, kuma na ga bai gama yarda ba.

Da aka sake rufe ledar, sai na ɗauko takarda da tawada na rubuta da ajami, da manyan baƙaƙe, ranar rufewa da ranar buɗewa, a ƙasa kuma na rubuta: kada ka buɗe, ko wa ya zo. Na manna a jikin ledar. Duk gidan ni kaɗai nake karanta ajami, kuma dama ni aka rubuta wa.

Bayan mako biyu Baba ya dawo dubiya ta biyu, da wata doyar. Na shiga gaba ina shirya kalmomin da zan hana shi da su ba tare da na ɓata masa ba. Da muka kai ƙofar ɗakin ya hango takardar, sai ya tsaya cik, ya mai da hannayensa baya.

"To. Malam ya sa nasa."

Na ce, "Baba, wallahi ba laya ba ce. Kwanan wata ne kawai, da gargaɗi ga kaina."

Ya ce, "Na sani, na sani. Haka kuke cewa. Ba zan taɓa ba."

Na sake yi masa bayani, har na karanta masa baƙi bayan baƙi. Ya yi ta gyaɗa kai daga nesa, bai matso ko taki ɗaya ba. Kafin mako ya zagayo labari ya cika Tungan Maje cewa kujera tana hannun likita da malam a lokaci ɗaya, kuma gwaggon nan ta rage magana. Duk wanda ya tambaye ni na gaya masa gaskiya, kwanan wata ne. Amma ban ɗauki mota na je na yi shela ba, Allah ya yafe min wannan.

Wannan karon ƙwayar ta cika kwanakinta tana ruwan hoda. Aka buɗe, aka share gari da ɗan buroshi mai laushi, aka shiga allura. Ƙaron da abokina yake amfani da shi 'yan ƙwayoyi ne masu haske kamar ƙanƙara, yana narkar da su a wani ruwa mai warin abin goge jan farce. Sai an buɗe tagogi duka, maiɗakina kuma ta ce in warin ya shiga mata miya, mu da kujerar duk waje za mu koma. Da tsararo ake farawa, don ya ratsa can ciki. Rami bayan rami, ɗigo bayan ɗigo, ka ga itacen yana shanyewa kamar ƙasar da ta daɗe ba ta ga ruwa ba. In an gama sai a lulluɓe ta don ta bushe a hankali, domin in ta bushe da sauri ƙaron zai dawo sama ya yi ƙyalli, ya bar cikin fanko. Bayan kwanaki a sake, da mai ɗan kauri.

Ramukan sun yi wa mutum ɗaya yawa, sai ya koya min. Wata Asabar ina duƙe da sirinji, tabarau a kan hanci, na cije leɓe ina neman bakin wani rami, sai na ji shi a bayana.

"Alaramma, ya mai jiki? Ta samu ta ɗan ci abinci?"

Na ce da sauƙi, Likita, mun gode. Me zan ce?

A hankali sautinta ya canza. Da, in an ƙwanƙwasa ta sai ka ji kamar ƙwarya, yanzu ta fara amsawa kamar itace. Ya mai da ƙafar da ta ɓalle da gam ɗin da ake iya narkarwa, ya cike wadda ta ruguje da wani kwaɓi mara nauyi, ya yi masa launi. Ta waje sai ka duba da kyau kafin ka gane gyara ne, amma ta ciki ya bar launin da ɗan bambanci da gangan, don kada wani ya zo daga baya ya ɗauka aikin kakan ne. A wannan tsakanin maiɗakina ta rage min malmala ɗaya ba tare da ta nemi shawarata ba.

Ranar da ya ce an gama, muna tsaye muna kallonta, sai ya ƙara da cewa, "Sai dai fa ba a zama a kanta. A sami wuri mai inuwa a ajiye."

Na ce, "Likita, wata huɗu muna wannan wahala don a zauna ne. In Baba bai zauna ba, babu aure."

Ya ce shi aikinsa ya hana ta mutuwa, ba ya mai da ta budurwa ba. Na ce ni kuma aikina in aurar da ƙanena kafin ya daina gaishe ni. Muka yi ta yi. Can ya tambaye ni ko Baba ya kai ni nauyi. Na ce ko rabina bai kai ba. Ya tafi. Bayan kwana uku ya dawo da wani ɗan gungume da ya sassaƙa daidai cikin kujerar, da tsumma mai laushi a samansa. Ana tura shi ƙarƙashi ya ɗauki nauyin, ƙafafun su huta, in an gama a zare. Sharaɗinsa uku: Baba kaɗai, ba daɗewa, kuma shi ma za shi wurin.

Muka koma gindin mangwaron nan bayan an fara girbi. Ni aka ba ni tabarma ba tare da na roƙa ba. Abokina ya tsuguna ya daidaita gungumensa, ya ja da baya yana motsa baki, ban san ko addu'a yake ko lissafi ba. Baba ya zo ya zauna, a hankali. Ba abin da ya yi ƙara. Ya ɗan jijjiga jikinsa don ya gwada, abokina ya rufe ido. Sannan Baba ya ce, "Mun ba ku. Allah ya sa albarka." Aka shafa fatiha, 'yan coci suka ce amin tare da mu, mata suka rangaɗa guɗa. Ƙanena ya kamo hannuna ya riƙe.

Mun ɗauka an gama. Sai Baba ya tashi, ya kifa kujerar a kan cinyarsa, ya zaro wata 'yar wuƙa daga aljihu.

Abokina ya miƙe tsaye. "Baba, me za ka yi?"

Baba ya nuna tsage-tsagen nan da na gani a Karmo. "Kowane yarinya da aka bayar a gidan nan yana da layinsa. Wannan gwaggon babana. Waɗannan ƙannena. Wannan babban 'yata. Yau kuma na wannan."

Abokina ya dube ni. Ni kuwa na sami abin kallo a saman mangwaro. Wata huɗu yana lallaɓa itacen nan da buroshi mai laushi, ga mutum da wuƙa. Sai ya zo ya durƙusa a gaban tsohon, ya bi ƙarƙashin kujerar da ɗan yatsa, ya tsaya a wani wuri.

"A nan, Baba. Nan ya fi ƙwari. Kada ka zurfafa."

Baba ya ɗora wuƙa ya ja, ya sake ja, ya ɗago kai. "Likita, ka ba shi abinci da yawa. Da, da farce ma ana yi."

A hanyar dawowa abokina ya ce a makaranta an koya musu kada su bar kowa ya taɓa kayan tarihi, amma ba a gaya musu yadda za su yi ba in mai kayan yana raye kuma yana da 'ya'ya mata. Na ce masa ni ma akwai abin da ba a koya min ba, na kuma nemi ya yafe min tsokanar shekarun nan. Ya ce ya yafe, amma kada in daina, don ofis zai yi shiru.

Yanzu in na tuna, ba faɗuwar ce take ba ni kunya ba. Sau biyu kunya ta sa na yi abin da na san ba daidai ba ne, sau biyu kuma wani ne ya sha wahalarsa. Na koyi cewa mutum zai iya ce wa babba a'a cikin ladabi, kuma hakan ya fi a ce masa to a ɓata masa kaya. Na kuma daina raina sana'ar da ban sani ba. Har yau in na ga ɗan gari ja a ƙarƙashin wani tsohon abu, sai in ji tausayinsa, don na san yadda abu yake tsayawa da kyau a ido alhali cikinsa ya ƙare.

Amma akwai abin da ya rage tsakanina da Baba, wanda ni ban san da shi ba. Bayan shekara ɗaya Allah ya ba ƙanena 'ya mace, muka je Tungan Maje gaisuwa. Baba ya ja ni gefe, bayan rumbu.

Ya ce, "Malam, akwai magana. Jan garin nan da yake zuba daga kujera, shekara biyu matata yana share shi kullum da safe. Na gani, na yi shiru, ina tsoro a ce a hannuna kujera ya lalace. Da ba kai ka zauna ba, ni zan zauna ranar bayarwa, in faɗi a gaban surukai da jikokina. Faɗuwa na ne ka yi. Ka gyara min kujera, naka bashi ya fita. Nawa ne bai fita ba."

Na ce haba Baba, ai ya wuce. Ya ce bai wuce ba, in biyo shi. Muka dawo gindin mangwaro. A wurin da na taɓa kwanciya ina kallon sama, an gina wani dakali na bulo da siminti, mai faɗi, an shafe shi sumul, an shimfiɗa buzu a kai.

"Wannan naka ne. Ba mai zama sai kai. Mun gwada shi da buhun masara uku."

Na yi bismillah, na zauna da nauyina duka.